Kaji sun ƙare, awaki sun kama zawo, yaro ya yi baƙon dauro: cuta ɗaya ce?

Wata Hajiya daga wajen Madarunfa ta aiko da tambaya. Ta ce da shigowar hunturu kajinta suka fara sunkuyar da kai suna mutuwa, cikin kwana goma akurki ya zama wayam. Ba a rufa wata ba awakinta suka kama majina da zawo, biyu suka mutu, ɗaya ta yi ɓari. A tsakanin nan kuma jikanta ya yi baƙon dauro. Maƙwabta sun ce mata iska ɗaya ce ta bi gidan, daga kaji ta faɗa wa awaki, daga awaki ta faɗa wa yaro. Tana son ta san ko haka ne, da kuma maganin da ya kamata ta saya.

Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, ya ba yaro lafiya. Na daɗe ina aikin likitan dabbobi a wannan jiha tamu ta Maradi, kuma na san abin da akuya take a hannun mace: ita ce kuɗin asibiti, ita ce kayan ɗakin ɗiya, ita ce ake kamawa idan rumbu ya yi ƙasa. Saboda haka zan yi miki bayani a tsanake.

Maƙwabtanki sun hango wani abu na gaskiya, amma sun ɗora shi inda ba nan yake ba. Alamun da kika zana sun fi kama da cututtuka uku da muka sani sarai: annobar kaji da ake kira Niyukasil, annobar awaki da tumaki da muke kira PPR, sai baƙon dauro, wato ƙyanda. Ƙwayoyin da ke haddasa su ukun 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana suka raɗa wa suna Paramikso. Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Kajinki ba su shafa wa awakinki ba, awakinki kuma ba su shafa wa jikanki ba. Kowace ta shigo ta ƙofarta, lokaci ne kawai ya haɗa su, don sanyi da ƙura da yawan kai da kawon dabbobi bayan kaka duk suna taimaka musu.

Ki ɗauki gidan nan kamar babban gida mai ɗakuna. Ɗaki ɗaya shi ake kira Morbili, kuma 'ya'yansa su ne ƙyandar mutane, PPR ta awaki da tumaki, bushiya da ta taɓa ƙarar da shanun kakanninmu, da wani ciwon karnuka mai sa majina da farfaɗiya. Waɗannan uwa ɗaya uba ɗaya suke, har masu bincike suna ganin ƙyanda da bushiya daga kaka ɗaya suka rabu, tun zamanin da mutane suka fara zama a cunkushe tare da shanunsu. Niyukasil 'yar wani ɗaki ce, 'yar uba, ita tsuntsaye ta sa a gaba. Hangum da ke kumbura wa yara muƙamuƙi shi ma ɗan gidan ne daga wani ɗakin.

Dukkansu birus ne, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa bairas. Birus ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya iya haihuwa da kansa, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mai rai ya sa ta aikin ƙera masa 'ya'ya. 'Yan gidan Paramikso zare guda ne na umarnin gado, irin wanda ake kira RNA, mai haruffa wajen 15,000 zuwa 19,000, an lulluɓe shi da riga ta maiƙo. A jikin rigar akwai ƙayoyi iri biyu. Ta farko ita ke kama jikin ƙwayar halitta, ta biyu ita ke narkar da bango ta buɗe hanya. Ƙayar farko ba ta kama kowane jiki yadda ya kamata, kamar yadda makullin ɗakinki ba ya buɗe kwaɗon maƙwabciya. Shi ya sa ƙyanda ta tsaya kan mutum, PPR ta tsaya kan ƙananan bisashe. Mutum ba ya kamuwa da PPR ko kaɗan. Niyukasil kuwa iyakar abin da takan yi wa mutum shi ne jan ido na 'yan kwanaki, ga wanda ya yi ta hulɗa da kaji masu ciwo ko ruwan rigakafin ya fantsar masa a ido.

Rigar maiƙon nan ki riƙe ta a rai, don ita ce lagonsu. Sabulu yana wargaza ta, zafin rana yana ƙona ta. Birus ɗin PPR ba ya daɗewa a fili ƙarƙashin ranar Maradi. Ba sauro ke kai shi ba, ba kaska ba. Numfashi ne, da atishawa, da majina, da kwantsa, da zawo, da kwanon ruwan da aka sha tare. Dole sai akuya mai ciwo ta kusanci mai lafiya.

Shi ya sa duk gidan da aka kira ni kan irin wannan, kafin in taɓa dabba nakan tambaya: wace sabuwa ce ta shigo cikin mako biyu ko uku da suka wuce? Da wuya a rasa. Ko an sayo wata a kasuwa da araha, ko an kawo ragon suna an ɗaure shi a turke ɗaya da na gida, ko an karɓo ta habbanaye, wato aron uwar akuya don kiwo, ko kuma garken unguwa ya haɗu da baƙin bisashe a bakin rijiya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ranar da aka sayo ta lafiya lau take cin harawa, domin cutar takan yi kwana 4 zuwa 6 a ɓoye kafin ta nuna kanta. Mu kuma Maradi mararraba ce. Bisashe na gangarowa daga Dakoro da arewacinta, suna ratsa kasuwanninmu, suna tsallakawa ta Dan Isa zuwa Jibiya, musamman gabanin babbar salla.

Yadda PPR ke tafiya a jiki kusan iri ɗaya ne kowane lokaci. Zazzaɓi ke fara zuwa, ma'auni ya kai 40 ko 41, akuya ta tsaya ta rusuna, gashi ya tashi, ta ƙi ci. Ido da hanci su fara zubar da ruwa, daga baya ya yi kauri ya bushe har ya liƙe fatar ido ya toshe hanci. Idan kika buɗe bakin za ki ga dasashi da leɓe da harshe sun yi miki, kamar an barbaɗa dusa, ga wari. Kwana biyu ko uku sai zawo ya ɓalle, sannan tari da haki. Mai ciki ta yi ɓari. A garken da bai taɓa saninta ba kuma ba a yi masa allura ba, takan kama kusan kowa, kuma mutuwa na iya kai tara cikin goma. Awaki sun fi tumaki jin jiki, ƙanana 'yan wata huɗu zuwa shekara su suka fi faɗuwa.

Abin da ya sa take da muni haka shi ne wurin da take fara sara. 'Yan ɗakin Morbili duka, kafin su taɓa huhu ko hanji, fararen ƙwayoyin jini suke fara shiga, wato dakarun da ke tsaron jiki. Idan suka karya masu gadi, sai bakteriyar da dama take zaune lafiya a hanci da maƙogwaro ta samu sarari ta gangara huhu. Sau da yawa ita ce ke ƙarasa dabbar, ita da ƙarewar ruwan jiki saboda zawo. Haka ƙyanda ke yi wa yaro, shi ya sa kike ganin wanda ya tashi daga baƙon dauro yana ta ƙananan ciwuka wata da watanni.

A nan ne amsar tambayarki ta biyu take, kuma zan faɗe ta ba kwana-kwana: babu maganin da ke kashe waɗannan birus a jikin kaza ko akuya. Babu shi a kasuwa, babu shi a kantin magani. Kafso ja da rawaya da ake farkewa a zuba wa kaji a ruwa, da allurar da masu yawo da magani a akwati ke yi, duk na bakteriya ne. Yana ƙona mini rai in ga mace ta sayar da zakaranta na ƙarshe mai lafiya ta sayi kafso don ceton waɗanda ba za su tashi ba. Ga awaki, maganin bakteriya yana da gurbinsa, don tare ciwon huhun da ke biyo baya, amma ma'aikacin kiwo ne zai auna shi bisa nauyin dabba, ya gaya miki kwana nawa za a yi, da kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a ci namanta. Sauran aikin jinya ce irin wadda kika iya: a ware marasa lafiya a inuwa nesa da sauran, a riƙa ba su ruwa mai ɗan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a dama musu dusa ta yi laushi tunda baki ya yi miki, a goge hanci da ido da tsumma da ruwan ɗumi. Wanda ya yi jinyar ya wanke hannu da sabulu kafin ya je wurin masu lafiya. Wannan jinyar tana tsirar da wasu, na gani da idona. Wadda ta tashi kuwa ta tashi ke nan, ba za ta sake yin PPR ba har ƙarshen ranta, kuma ba ta zama tana ɗauke da cutar tana rabawa.

Ina so in ba ki labarin bushiya, domin duk abin da nake fata game da awakinmu a kansa ya dogara. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu daga Indiya a tashar ruwa ta Masawa, a Eritiriya ta yau. Cikin shanun akwai masu bushiya. Cikin 'yan shekaru ta ratsa Sahel har yammacin Afirka, ta gangara har kudancin nahiyar, inda duk ta bi takan kashe wajen tara cikin goma na shanu. Fulani da yawa sun wayi gari ba su da ko maraƙi, yunwa ta biyo baya. A Turai ma ta yi ɓarna shekaru aru-aru, tana cikin dalilan buɗe makarantar likitocin dabbobi ta farko a duniya, a birnin Liyon na Faransa, haka kuma ɓullarta a Beljiyam a 1920 ita ta kai ga kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a 1924.

A ƙarshen shekarun 1950 wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, da ke aiki a Kenya, ya samar da rigakafin da allura ɗaya ke kare saniya har abada. A 1962 aka fara babban gangami a ƙasashen tafkin Chadi, Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru, tsofaffin makiyaya har yau suna tuna yadda ake huda kunnen shanu. Cutar ta yi ƙasa ƙwarai, har aka ɗauka an gama. Aka sassauta, aka bar yi wa maruƙan da ake haifa. Ita kuwa tana nan a laɓe cikin 'yan garkunan da hannu bai kai gare su ba, a farkon shekarun 1980 ta dawo ta share shanu masu ɗimbin yawa a yankinmu. Sai da aka sake sabon gangami daga 1986, aka samo rigakafin da ke jure zafi, aka horar da makiyaya da kansu su yi wa shanunsu allura a wuraren da mota ba ta zuwa. An ga ta ƙarshe a 2001 cikin ɓauna a Kenya, a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a doron ƙasa. Cuta ta biyu ke nan da ɗan'adam ya taɓa kawarwa, bayan agana.

PPR ƙanwar bushiya ce, kuma duk raunin yayarta tana da shi. An fara gane ta a 1942 a Kodibuwa, yau tana cikin ƙasashe fiye da 70. Tana da zuriya huɗu, amma rigakafi ɗaya ya ishe su duka, kuma wanda aka fi amfani da shi an samo shi ne daga birus ɗin da aka ɗauka a Najeriya a 1975 aka raunana shi. Allura ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara uku, wanda ga yawancin awakinmu tsawon zamansu ke nan a gida. A 2015 aka taru a Abijan aka ɗaura niyyar kawar da ita nan da 2030. A nan Nijar ɗakin binciken LABOCEL na Yamai yana kan wannan aiki, kuma kowace shekara ma'aikatar kiwo tana fitowa gangamin allura.

To me ya hana? A ganina, bisa abin da nake gani a ƙauyukanmu, babban giɓin yana cikin gida. Ranar gangami maza ke kora shanu da manyan garkuna zuwa wurin allura. Awaki uku ko huɗu na mace, da ke ɗaure a turke bayan ɗaki, sau da yawa ba wanda ya kwance su. Ga jar akuyarmu ta Maradi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje kuma aka kafa mata cibiya a garin nan tun shekarun 1960, Allah ya yi ta mai yawan haihuwa, tagwaye ba baƙon abu ba ne a wurinta. Wannan albarka ce, amma tana nufin kowace shekara gari na cika da sababbin 'yan awakin da ba su san allura ba. Kariyar da suka sha a dakashin uwa takan ƙare wajen wata uku zuwa huɗu. Idan ba a samu bakwai ko takwas cikin goma na bisashen gari suna da kariya ba, cutar tana da wurin zama. Kuskuren da aka yi da maruƙa a zamanin bushiya shi muke maimaitawa da 'yan awaki.

Akwai kuma maganar kunne. Na sha ganin an ɓoye rago don kada a yi masa shaida, wai layya ba za ta yi da shi ba. Shaidar ɗan tsagi ce ƙarama, amfaninta a gane wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba. Abin da ke cikin littattafan Malikiyya shi ne aibin da ke hana layya sai yankan ya wuce sulusin kunne. Ki sa a tambayi limamin garinku, ya fi a bar rago ba kariya saboda shakka.

Kaji kuwa lissafinsu daban ne, kuma ba zan yi miki alkawarin za a kawar da Niyukasil ba. An gano ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indonesiya da kuma garin Niyukasil na Ingila, inda ta samo suna. Tana da mai sauƙi da mai tsanani, kuma bambancin yana ga ƙayar nan ta biyu: ta mai sauƙi ba ta aiki sai a maƙogwaro da hanji, ta mai tsanani tana aiki a ko'ina har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa kike ganin koren zawo, da buɗe baki ana haki, da fikafikai a ƙasa, da wuyan da ya murɗe kaza tana kallon sama. Tana iya share akurki ƙaf. Zabbi na kamuwa. Agwagi da tantabaru da tsuntsayen daji na iya ɗauke da ita suna yawo ba su nuna komai ba, kuma ta fi 'yan'uwanta jurewa cikin kashin kaji da mushe idan akwai sanyi. Mu ma muna taimaka mata: kaza ta fara rusunawa sai a ruga da ita kasuwa, mushe a jefa a juji kare ya ja shi gida-gida, a fige mai ciwo a watsar da gashi da kayan ciki a tsakar gida inda sauran ke tono. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙona.

Rigakafinta yana da araha. Akwai na ɗigawa a ido, irin I-2 da aka samar a Ostareliya don kajin ƙauye saboda yana jure zafi fiye da sauran, akwai kuma na allura. Na ido ana maimaita shi duk wata huɗu. Lokacin da ya fi muhimmanci shi ne da kaka, wata guda kafin sanyi ya sauka, domin jiki na buƙatar kamar mako biyu kafin kariya ta kama, kuma ba a yi wa garken da ciwo ya riga ya shiga. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma idan an haɗa ta ba ta ajiyuwa. Idan kuna da ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, wadda a nan Maradi aka fara ta a 1991, ku sa rana ɗaya, kowa ta kwana da kajinta a rufe, a kira mataimakin ma'aikacin kiwo ya bi gida-gida da safe. Ki duba da idonki cewa daga akwatin ƙanƙara ya fito da kwalbar. Rigar maiƙon da rana ke ƙonawa ita ce dai a jikin birus ɗin rigakafi mai rai, wanda ya sha rana a aljihu ruwa ne kawai.

Abu ɗaya da ba na so ki yi wasa da shi: murar tsuntsaye ba 'yar gidan nan ba ce, amma a ido ba a raba ta da Niyukasil, ita kuwa tana kama mutum har ta kashe. Ta taɓa ɓulla a Magariya a 2006. Duk ranar da kaji suka faɗi da yawa lokaci ɗaya, a sanar da ma'aikatar kiwo su ɗauki samfur, kada yara su yi wasa da mushen, kada a ci. Haka PPR, akwai ciwon huhun awaki da wasu cututtuka masu kama da ita, gwaji ne ke tabbatarwa. Karen da ya fara farfaɗiya ko dalala shi ma kada a ce ai ciwon nan ne na 'yan Morbili a kama shi da hannu, don haukan kare na zuwa da irin wannan kama.

Gidan Paramikso yana da 'ya'yan da ke tsallakawa daga dabba zuwa mutum, ba zan ɓoye miki ba. Hendira ta fito a Ostareliya a 1994 daga jemagu zuwa dawaki zuwa masu kula da su. Nipa ta fito a Maleshiya a 1998 da 1999 daga jemagu zuwa aladu, ta kashe mutum fiye da 100. Waɗannan 'yan wani ɗaki ne can, ba su ne suka shiga gidanki ba.

Jikanki daga wani yaro ya ɗauko baƙon dauro, a unguwa ko makaranta ko wurin biki. Ki duba katin asibitin sauran yaran gidan: allurar farko a wata 9 ake yi, ta biyu cikin shekara ta biyu, duk wanda ya rasa ɗaya a kai shi. Awakin da suka rage kada ki sayar da ko ɗaya yanzu, kada kuma su bi garken unguwa sai an yi mako uku ba wadda ta sake kwantawa. Akurkin a share shi, a ƙona shara, a wanke kwanuka da sabulu a shanya a rana, a bar shi fanko kamar wata guda. Duk sabuwar da za ki kawo, kaza ko akuya, ta yi kwana 21 ita kaɗai da nata kwanon ruwa. 'Yan awakin da za a haifa miki nan gaba, da sun cika wata uku, ki aika a gaya wa ma'aikacin kiwo na gundumarku, ko da ranar gangami ba ta zo ba.